Kwamfutocin Gida da Akwatin Gwaggo Hawa

Salaga

Ummi,

Assalamu alaikum. Da sunan Allah nake farawa, Mai tsare wanda ya kama hanya da wanda aka bari a gida. Ina roƙonsa wannan takarda ta same ki kin sauka Bawku lafiya, ƙafa ba ta kumbura ba, kai bai yi ciwo ba, direba kuma bai bar miki jaka a Tamale ba. Da gangan na cusa ta cikin aljihun jakar laftof ɗinki, don na san can hannunki zai fara zuwa kafin ma ki nemi ruwan wanka. Ki gaida Gwaggo Hawa gaisuwa ta durƙuso, ki gaida ɗanta Mustafa da iyalinsa.

Ba zan cika ki da nasihar aiki ba. Kin yi shekaru kina karatun lafiyar dabbobi, ni kuwa akuya ma sai ta kwanta nake sanin ba ta da lafiya. Mamanki ta riga ta yi miki wa'azi kan salla da zama da mutane, ta yi nata ta haɗa da nawa. Abu ɗaya ya rage wanda na fi kowa sani a gidan nan, kuma na san shi ne domin babu kuskuren da ban tafka a kansa ba: yadda kwamfutocin gida ɗaya ke miƙa wa juna fayil, da abin da ake yi ranar da suka ƙi.

Kin san dalili, amma bari in maimaita don ya zauna. Da kakana Madugu ya rasu, an raba takardunsa gida uku: wasiƙun da fatake suka riƙa aiko masa daga hanyar goro, da addu'o'in tafiya, da jerin sunayen iyayenmu, wasu da ajami wasu da Larabci. Kaso ɗaya ya zauna nan Salaga wurin babana, shi ne wanda muka ɗauki hotonsa ni da ke, yana nan lafiya lau. Na biyu ya tafi Yendi, ya faɗa hannun Yaya Sani, ɗan wan babana, kuma kin san ya salwanta, takardun da hotunansu gaba ɗaya. Na uku yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Gwaggo Hawa, autar Madugu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Shekara nawa ina roƙonta tana cewa a'a. Da ta ji aiki ya kai ki Bawku kuma a gidanta za ki zauna, sai ta ce min a waya, "Ita na yarda. Kai ban yarda ba. Kuma akwatin nan ba zai ƙetare ƙofar gida ba." To ga shi nan. Dama ɗaya ce, ita kuma ta tsufa, idan ta mayar da kwaɗon nan ba na jin za ta sake buɗe wa wani.

Mustafa ya ce sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, tana haɗe da babbar kwamfutarsa ta tebur a zaure, akwai laftof ɗin matarsa, akwai rauta mai ba gidan waifai. Ke kuma ga taki. Wato hotunan za su fara sauka a kwamfutar zaure, daga nan ki jawo su zuwa taki. A wannan ɗan tsakanin ne mutum ke yin asara, shi ya sa na zauna rubutu.

Lokacin da na bar koyarwa na sayi kwamfutoci biyu na hannu don buga katin suna da na aure, kina sakandare. Na haɗa su suka ga juna, na riƙa tafiya cikin unguwa kamar ni na ƙera su. Wata safiya ta ɗaki ta ce ba ta ga ta zaure ba. Ban duba komai ba, na yanke hukunci cewa ta lalace. Na naɗe ta da zanen mamanki, na ɗaure a bayan babur, na ratsa motocin doya da rana tsaka na kai wa Braimah mai gyara a bakin kasuwa. Kin san Braimah, Bagwanje ne, Hausarsa ta zango, kuma bai iya ɓoye dariya ba. Ya kunna, ya danna nan ya danna can, ya ɗago kai.

"Ticha, wannan mashin bai da ciwo kraa, ko kaɗan. Wane waifai ka sa shi a gida?"

Na ce waifai ai waifai ne.

"A'a, Ticha. Duba, ya san waya na Hajiya, shi ya kama, bai kama rauta ba. Ɗaya yana Salaga, ɗaya yana Kumasi, yaya za su gaisa?"

Ashe kwana uku kafin nan, da data ta ƙare a rauta, ni da kaina na jona ta da wayar mamanki, ita kuma ta riƙe. Na dawo gida da kwamfuta lafiyayya da zane mai ƙura, na sha faɗan zanen har la'asar.

Don haka ranar da taki ta ce ba ta ga ta zaure ba, kada ki taɓa sukurdireba, kada ki kira kowa. Ki je gaban kowacce ki karanta sunan waifan da ta kama, harafi da harafi. Kada ganin intanet na tafiya ya ruɗe ki, kowacce tana iya samun intanet ta hanyarta ba tare da suna layi ɗaya ba. Sannan wasu rautoci suna da layi na biyu na baƙi, wanda ke ba mutum intanet amma ya hana shi ganin kwamfutocin gida. Gidan Mustafa gidan ɗan kasuwa ne, masu sayen albasa da shanu daga Togo da Burkina ba sa yankewa a zaurensa, ina kyautata zaton irin wannan layin zai fara ba ki ba tare da ya lura ba. Ki tambaye shi na 'yan gida. Ki kuma leƙa ko kwamfutar zaure barci ta yi, domin mai barci ba ta amsa sallama; ki hana ta barcin muddin kina aiki. In kin samu kebul da zai kai daga rauta zuwa taki, ki jona, ya fi iska amana.

Kuskurena na gaba ina jin babu wanda zai yi shi sai ɗan gidanmu. Da kwamfuta ta farko ta nemi in ba ta suna, na rubuta Madugu, don albarka. Da ta biyu ta zo na ba ta wani abu daban da ban ma tuna ba. Da na ƙaro ta uku, wannan laftof ɗin da kika sani mai tsagaggen murfi, sai na ga ai ita ce sabuwar haihuwa, ita ma na raɗa mata Madugu. Ban ga laifi ba. A danginmu Hawa huɗu ce, Sani uku, ke kanki sunan uwata kika ci shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, kuma ba a taɓa kai wa wani tuwon wani ba. Sai ga shi yau folda ta buɗe, gobe ta ƙi, jibi ta buɗe amma abin da ke ciki na wata kwamfutar ne. Na yi mako biyu ina zargin rauta, har na buge ta da tafin hannu. Da Braimah ya zo gida ya ga sunayen, sai da ya nemi kujera ya zauna don dariya.

"Ticha, a gida kuna da Sani Dogo, Sani Yendi, Sani Ƙarami. Mashin ma yana so haka. Ka kira Madugu, biyu sun tashi, wane zai amsa?"

Gaskiyarsa. Mu laƙabi ke raba mana masu suna ɗaya, ni kuma na ba su suna na hana su laƙabi. Da kin isa, ki duba sunan kowace kwamfuta a gidan. Ki ba su gajeru masu bambanci, ba tazara a tsakiya, ba harafi mai ƙugiya, domin na taɓa rubuta Ɗaki da ɗa ɗinmu na Hausa na sha wuya. Zaure, Ummi, Amarya, sun isa. Bayan canza suna sai an kashe an kunna kafin ya kama. Kuma ki nemi iznin Mustafa kafin ki canza wa tasa suna, kayansa ne.

Akwai wanda har yau in na tuna kunya ke kama ni, don mamanki na ɗora wa laifi. Wata damina tsawa ta ƙona mana rauta, na sayo sabuwa, na sa mata suna da kalmar sirri, kowace kwamfuta ta kama, intanet kamar ruwa. Amma babu wadda ke ganin wata. Na tuna na ga mamanki tana goge teburin da safe, na fito tsakar gida ina cewa an taɓa min kaya. Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ƙura na goge, ban goge maka ilimi ba. Je ka nemi abinka inda ka ajiye." Na koma na zauna ina huci. Can na tuna cewa lokacin da na jona sabuwar rautar, kowace kwamfuta ta yi min wata tambaya da Turanci, ni kuma na danna a'a don ina sauri. Tambayar ita ce, wannan layin na gida ne ko na bainar jama'a? Idan kika ce na jama'a ne, fablik kamar yadda suke rubutawa, kwamfuta za ta ɓuya, ta ɗauka a tashar mota take cikin baƙin fuska. Haka aka gina ta, kuma daidai ne. Taki ba ta taɓa ganin rautar Mustafa ba, saboda haka kusan tabbas za ta ɗauke ta a ta jama'a. Ki shiga saitin waifai ki mayar da shi na gida, ki tabbatar an kunna ganin sauran kwamfutoci da rabon fayil, a taki da ta zaure duka. Amma a gidan kawai. In kin je ofis ko kin kama waifan wani wuri, ki bar ta ta ɓuya. Mamanki kuwa sai da na sayo mata kifin Makango kafin ta daina kirana injiniya a gaban baƙi.

Wutar lantarki ma tana da nata. Rauta tana ba kowace kwamfuta lamba, adireshinta ke nan a layin gida. Na taɓa koyon buɗe folda da wannan lambar, na ji daɗi, na rubuta ta a bango da alli. Aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta ta sake rabo, lambar zaure ta koma kan wayar wani, ni kuwa ina ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Ba na jin dumso, ɗauke-ɗauken wutar nan tamu, ya fi jin tausayin Bawku a kan Salaga. Ki riƙa kiran kwamfuta da sunanta: a saman taga inda ake rubuta adireshi, ki sa 'yan sanduna biyu masu jingina baya, ki bi su da Zaure. Sau da yawa kwamfutar ba ta fitowa a jerin da ake gani, amma in kin kira ta haka sai ta buɗe. In suna ya ƙi, ki je zaure ki duba lambarta ta yau, ki gwada da ita. Idan lamba ta buɗe suna ya ƙi, kin san hanya lafiya take, matsalar ta suna ce. Idan duka biyun sun ƙi, ki koma baya ki sake duba layin da saitin.

Za ta tambaye ki suna da kalmar sirri. Nan na ɓata yini guda ina zuba mata kalmar waifai, na zuba tawa ta laftof, na zuba ranar haihuwarki, har na fara zargin ko wani ya shigo mana. Abin da take nema shi ne sunan mai shiga kwamfutar da foldar ke cikinta, da kalmar sirrinsa. Wato na kwamfutar zaure, ba naki ba. In kuwa Mustafa irin mutanen nan ne da ba sa sa kalmar sirri sam, za ta iya ƙin ki ko kin rubuta sunan daidai. Mafi sauƙi ki roƙe shi ya buɗe miki naki sunan shiga a kwamfutarsa, da kalmar da ke kaɗai kika sani, ba sai kin riƙe sirrin kasuwancinsa ba. Idan duk wannan ya yi daidai amma ta ƙi, ki dubi manhajar maganin bairos, wasunsu suna tare hanya kamar ɗan sanda mai neman magana. Ki tsayar da ita minti biyu ki gwada, in ita ce ki ba layin gida izni a cikinta, ki mayar da ita aiki nan take.

Ki kuma ji wannan da kyau, don halinki nawa ne, mu biyun ba mu da haƙuri. Abu ɗaya ake canzawa a gwada. Ni da na kan juya abu biyar a tare, in ta gyaru ban san wanne ya gyara ba, in ta ƙara lalacewa ban san hanyar komawa ba. Na sa miki ƙaramin littafi mai jan bango a jakar. Duk abin da kika taɓa ki rubuta yadda kika same shi da yadda kika bar shi.

Yanzu na zo inda nake so ki ajiye waya ki karanta a zaune. Idan aka raba folda, kwamfuta tana tambaya: waɗanda za su shigo, kallo kawai za su yi, ko har da canzawa da gogewa? Ni tun farko kowa na ba shi duka. Ba don ban ga zaɓin ba. Na gani. Amma a tarbiyyar da aka yi mana, yaya za ka zauna a gidan yayanka, ka ci tuwonsa, sannan ka sa wa wani abu kwaɗo a cikin kwamfutarsa? Sai na ji kamar na ce ban yarda da mutanen gida ba. Na buɗe komai ga kowa, na kira shi zumunci.

Shekarar da na je Yendi ɗaukar takardun Yaya Sani, kwana tara na yi. Na tafi da sikana da laftof, na jona sikanar da kwamfutarsa ta tebur don ta fi wuri. Kullum bayan karin kumallo Yaya zai fito da akwatin daga ɗakin kwanansa, ya zauna kusa da ni yana miƙo min ɗaya bayan ɗaya, yana karanta min abin da idonsa ya iya. Akwai wasiƙar da Madugu ya rubuta wa uwarsa yana gaya mata jakai biyu sun mutu a hanya amma mutane lafiya. Akwai wadda aka lissafa kakanninmu har bakwai. Matarsa Hajiya Memuna tana kawo mana koko da ƙosai, tana tsokanata wai na zo da injin cinye takarda. Na gama tsaf, ɗari biyu da 'yan kai.

Ranar komawa na raba foldar, na buɗe laftof, na gan ta, na ja ta da linzamin kwamfuta na ajiye a fuskar allona. Ta zauna nan da sunanta. Na buɗe, ga hotuna reras. Na ƙirga na nan, na je na ƙirga na can, suka zo daidai. Yaya ba za su zo daidai ba, abu ɗaya nake ƙirgawa sau biyu. Abin da na ajiye a laftof ba folda ba ce, ɗan shotkat ne, alama ce kawai mai nuna hanyar zuwa kwamfutar Yaya. Akwai 'yar kibiya a gindinsa, na gan ta, ban tambayi kaina ma'anarta ba.

Yaya ya yi ta ƙorafi a kwanakin cewa kwamfutarsa ta yi nauyi tun da na zo. Na ce bari in yi masa kirki kafin in tafi. Mai babur yana jira a ƙofa zai kai ni tasha. Daga kan laftof ɗina, ta layin gida, na shiga kwamfutarsa na zaɓi hotunan duka na goge, ina cewa ai ina da nawa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Abin da ban sani ba, kuma nake so ki sani yau: abin da aka goge ta layi daga wata kwamfuta ba ya zuwa kwandon shara. Ba ya zuwa na nan, ba ya zuwa na can. Na rufe laftof, na yi sallama, na ce wa Yaya, "Yanzu hankalinka ya kwanta, ko me ya samu takarda, muna da su."

Na iso Salaga na danna, ta ce ba ta ga hanya ba. Na ɗauka irin matsalolin da na lissafa miki ne, na yi kwanaki ina duba suna da lamba da saiti. Daga baya na gane abin da na aikata. Na ce ba komai, takardun suna nan, bayan damina zan koma in sake ɗauka ba wanda ya sani. Ban kira Yendi ba, kunya ta hana ni. Da na kira a ranar na ce kada kowa ya taɓa kwamfutar, da wataƙila mai gyara ya ciro su, amma kafin a farga an zuba mata bidiyon biki an cike wurin. Shi kuwa Yaya, da ya ji daga bakina cewa komai na cikin kwamfuta, sai ya fitar da akwatin daga ɗakinsa ya kai ɗakin ajiya don ya samu wurin sa kabad. Iska ta yaye kwanon ɗakin a tsakiyar damina, ruwa ya kwana biyu a cikin akwatin kafin a lura. Kin san tawadarmu ta gargajiya, da ruwa ake wanke ta. Da aka buɗe, takardu ne jiƙaƙƙu masu launin toka, babu harafi ko ɗaya.

Yaya ya kira ni ya ce alhamdu lillahi da ka ɗauka. Ummi, a nan na yi abin da ya fi gogewar muni. Na ce bairos ya cinye, nawa da nasa. Ƙaryar da kika ji ke nan kina makaranta, ita dangi duka suka sani, har mamanki. Kuma ƙarya ba ta tsaya inda na ajiye ta ba. Yaya ya bincika wa ya sa filas, ɗan abin kwasar fayil ɗin nan, a kwamfutar, aka ce Hajiya Memuna ce ta kawo bidiyon bikin ƙanwarta. Ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba a gaban 'ya'yanta. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa kwamfuta ba. Duk zuwan da na yi Yendi bayan nan, za ta ajiye min abinci ta ɗan rusuna ta ce da Hausarta ta Dagwamba, "Ticha, ka yi hankuri, ni ne na kawo ciwo nan ya ci takarda na kakanku." Ni kuma in ce ba komai, Hajiya, ƙaddara ce, in sa hannu in ci abincinta. Ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar a wannan lokacin ba.

Da na bar foldar nan a kallo kawai, da kwamfuta ta ƙi ni lokacin da na danna gogewa. Kwaɗon da na ƙi sawa don kada in ɓata wa mutanen gida rai, hannuna zai tare, ba nasu ba. Saboda haka foldar Gwaggo kallo kawai za ki ba kowa ta layi, har da ke. In Mustafa ya ɓata fuska ya ce ba a yarda da shi ba ne a gidansa, ki ce, "Kawu, ni ma na rufe wa kaina, ga shi ka gani." Zai huce.

Kada ki yarda kin kwafi abu sai kin gwada shi haka: ki kashe waifan laftof ɗinki, ki zare kebul in akwai, sannan ki buɗe hotunan. In sun buɗe ba layi, naki ne. Ki duba nauyin foldar, hotuna masu yawa suna da nauyi, shotkat kuwa bai kai komai ba. Ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ki ga rubutun ya fito a karanta. Kowace rana in kin tashi aiki ki yi wannan, kada ki tara sai ƙarshe. Ki ajiye a wuri uku, zaure da taki da filas, in filas ya cika ki ba direban da kika yarda da shi ya kawo min Salaga. Kada ki goge komai a gidan nan, ko Mustafa ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi. Ki saya masa wurin ajiya na waje, ni zan aiko da abin saye. Kuma ko kin ɗauki hoto sau goma, kada bakinki ya furta wa Gwaggo cewa takarda ta gama aiki. Kowace ta koma akwati, akwati ya koma ƙarƙashin gado.

Ba na shakkar za ki iya. Kin fi ni natsuwa a gaban allo, kin fi ni karanta abin da aka rubuta kafin ki danna, kuma yanzu kin san duk ramukan da na faɗa. Ki zauna kusa da Gwaggo ki bar ta ta yi ta labari a kan kowace takarda, ki rubuta sunayen da ta faɗa, don bayan ita babu mai faɗa mana wane ne wane.

Na san Gwaggo. Kafin ta miƙa miki mabuɗi za ta dube ki ta ce, me ya ci na Yendi? Kada ki ce bairos. Ki ce babana ne ya goge da yatsansa, ya kuma ɓoye. In ta fasa buɗe akwatin saboda haka, ta fasa, hakkinta ne, ba na so a buɗe shi a kan ƙaryata. Amma ina jin za ta buɗe, don ta fi son mai faɗin gaskiya a kan mai iya magana. Ba ke za ki fara faɗa ba kuma. Na gaya wa mamanki jiya bayan azahar, ta ce in shirya jakata. Motar da za ta ɗauke ki zuwa Tamale tana tashi, ni zan hau ta Bimbila, hanyar Yendi. Kafin ki karanta wannan layin na isa Yendi, na zauna a gaban Yaya, na ce a kira min Hajiya Memuna da 'ya'yanta duka, waɗanda aka yi mata faɗa a gabansu. Wannan karon ni zan rusuna.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya zaunar da Bawku lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki. Allah ya ƙara wa Gwaggo kwana da lafiyar ido har ku kai takarda ta ƙarshe. Ya yi miki albarka, ya kare hannunki daga gaggawa. Ni ma ki sa ni a addu'a, ina bukata.

Wassalam.

Babanki,
Ticha Idi